Tankin da Aka Kawo Rugar Sumaila

Ni dai ban taɓa ganin mutumin ba, sunansa ma harshena ya ƙi ɗauka, shi ya sa nake ce masa Mai Kwamfuta. An ce a Amurka yake. An ce wani abu ya ƙirƙira da ake latsawa a waya, kuɗi suka yi ta zubo masa har suka dame shi, sai ya zauna ya duba duniya kaf, ya ga ba abin da ya tsaya masa a rai kamar madarar shanun Tamale. To madalla. Allah ya saka masa da alheri, amma da ya aiko an tambaye ni kafin ya fara.

Sunana Husseina, fura nake sayarwa a Aboabo, nan cikin Tamale, a bakin hanyar da 'yan yalo-yalo, masu keken haya mai ƙafa uku, ke tsayawa ɗaukar fasinja. Ba zan yi muku ƙarya ba, furata ba ta fi ta kowa ba, gero ai gero ne. Abin da ke tara mini mutane shi ne kindirmon Kadiatu. Kauri gare shi, ba ta tsarma ruwa, ba ta zuba garin kuka don ya yi nauyi. Kullum da hantsi za ta sauko daga motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ƙwaryarta, ta ajiye, ta zauna a kan bencina ta huta, mu taɓa hira. Mun fi shekara goma a haka. Da wannan madarar take sayen hatsi da gishiri da sabulu, da ita take yi wa 'ya'yanta ɗinkin Sallah, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Rugarsu tana can bayan Kasalgu, inda gidaje suka ƙare. Mijinta Sumaila makiyayi ne, amma shanun da yake kiwo ba nasa ba ne. Na Alhaji Abdulmutalib ne, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya gina gidansa a Kalpohin. A nan haka muka tashi muka ga ana yi: mai hali a cikin gari, Badagombe ne ko ɗan Zongo, ya sayi shanu ya kai wa Bafulatani. Shanu nasa, maruƙan da aka haifa nasa. Madara kuwa ta matar makiyayi ce, ita ce ladan rana da ruwan sama da ƙaya da maciji. Ba a rubutawa. Ba a ma faɗa, don faɗin abin kunya ne, kamar ka ce ba ka yarda da mutum ba. Shi kansa Alhaji, duk Sallah idan Kadiatu ta kai masa man shanu, godiya yake yi har da sa albarka, don ya san kyauta aka yi masa.

Ana nan sai ga mutanen Mai Kwamfuta da fararen motocinsu. Suka kafa wani ƙaton tanki mai sheƙi kusa da rugagen, da allunan sola a kan rufi, wai madara ta kwana a ciki ba ta lalace ba. Suka ce za a yi wa shanu allurar rigakafi kyauta, a maƙala wa kowace saniya alama a kunne, likita ya riƙa zagayowa. Sharaɗi ɗaya ne, a kawo madara tanki a auna, kamfanin yogot na Kudu ya ɗauka, ladan ya faɗo a wayar mai shanu. Ku dai riƙe wannan kalmar, mai shanu.

Wanda aka sa ya yi rajistar rugar Sumaila, Saeed ne, ɗan maƙwabciyata. Na san shi tun yana yawo ba wando. Yanzu ya yi boko, yana rataye da kati a wuya. Ya tsaya da faffaɗar wayarsa a hannu ya tambayi Sumaila shanun na wane ne. Sumaila ya ce na Alhaji Abdulmutalib na Kalpohin. Saeed ya latsa, ya wuce ruga ta gaba. Kadiatu tana tsaye a gefe, hannunta ko bushewa bai yi ba daga tatsa, ba wanda ya tambaye ta komai. Ita kuma a gaban mijinta da baƙi maza, ko gobara ce ta kama zanenta sai ta yi shawara kafin ta yi magana.

Daga baya da na haɗu da Sumaila a kasuwa, na tare shi. Na ce haba Malam Sumaila, shanu na Alhaji, madara ta iyalina, kalma nawa ce a nan? Bakinka ciwo yake? Ya sunkuyar da kai ya ce ai ba a tambaye shi madara ba, shanu aka tambaye shi. Wallahi sai da na ji kamar in kwaɗa masa ludayi.

Da farko ban san abin da ake ciki ba. Na dai ga ƙwarya tana zuwa rabi, sannan ta koma ƙaramar ƙwarya, wata rana ma ba ta zuwa. Idan na tambaya, Kadiatu ta ce shanun ne ba su ba da yawa ba. Da damina, ciyawa har gwiwa! Na ce ke Kadiatu, ni za ki yi wa wannan? Sai ranar da na zaunar da ita na ce ba za ta hau motokin ba sai ta faɗa mini, sannan ta buɗe baki. Ta ce tun da aka sa wa shanun alama, kullum da safe ana zuwa da jarkoki. Ita ce za ta tashi ta tatsa kamar kullum, ta juye a jarka, a tafi da shi. Abin da take kawo mini ɗan abin da ta rage ne na tatsar yamma.

Na ce to wa ya ce ki juye? Ta ce ba wanda ya ce, an dai kawo jarkokin, da sunan Alhaji a jiki.

Ashe wayar Alhaji ta fara ƙara kullum da safe, tana faɗa masa abin da shanunsa suka bayar. Mutumin da bai taɓa tunanin madara ba a rayuwarsa! Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya miƙa wayar ga ɗansa Majeed, wanda ya gama jami'a ya dawo gida yana ta neman aiki bai samu ba. Shi ke nan, Majeed ya samu sana'a. Har ya sa an buga masa kati, wai shi ɗan harkar madara ne, alhali ban tabbata ya san ta wane gefe ake tsugunawa a tatsi saniya ba.

Washegari na bar wa 'yata tebur, na ɗaura mayafi na nufi ofishin gidauniyar Mai Kwamfuta. Sanyin na'ura kamar a sa gawa, bango cike da hotunan mata suna dariya da haƙora fes. Na ce a kira mini Saeed. Ya fito yana ta durƙusawa, Mma sannu, Mma lafiya. Na ce ba lafiya ba. Na zazzage masa komai a gaban abokan aikinsa, ban rage murya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya sani. Ya ce, "Mma, wallahi na sani. Kakana ma haka ya yi da Fulaninsa."

Na ce to da ka sani, me ya hana ka faɗa?

Ya ce abin a can waje aka tsara shi, gurbi ɗaya ne a ciki, mai shanu. A ƙasar da aka fara gwadawa, mai saniya shi ne mai tatsarta, shi ya sa. Shi ba shi da ikon ƙara gurbi, ogansa na Tamale ba shi da iko, na Ankara ma ba shi da iko. Kuma an ba shi adadin rugagen da zai yi wa rajista kafin ƙarshen wata, in bai cika ba kwantiraginsa ne a bakin ƙofa. Na dube shi, yaron nan shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa, na rasa ta inda zan ci gaba da zaginsa. Na dai ci gaba.

Don ya rabu da ni, ya shirya mini magana da wata Baturiya ta allon kwamfuta. Sai da aka jira yamma, wai lokacin ne gari ya waye musu. Mace ce mai fara'a, ba zan ci haƙƙinta ba. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga yadda ake ba da kiwo har zuwa jarkoki. Na yi magana mai tsawo, Saeed ya juya mata a taƙaice, har na ce masa kai, sauran fa, ina ka kai su? Ta dafa ƙirji, ta girgiza kai, ta rubuta wani abu. Saeed ya ce ta ce ta gode ƙwarai, wannan babban darasi ne gare su, irin muryoyin da suke son ji ke nan. Na ce ka faɗa mata ba darasi na zo bayarwa ba, madarar baiwar Allah nake so a mayar mata. Ya ce ta ce za su kai maganar gaban kwamiti.

Kwamiti ya yi zamansa har damina ta wuce. Ran nan sai ga Saeed da murna, wai an samo mafita, an ware wani sabon shiri musamman domin mata. Aka kwashe matan rugage a bas aka kai su wani otal, ni ma aka gayyace ni, wai ni ce na kawo shawarar. Aka raba mana riguna masu hoton saniya. Wata yarinya daga Ankara, da farce zaƙo-zaƙo, ta tsaya tana koya wa Kadiatu yadda ake wanke hannu kafin a yi tatsa. Aka ba mu shinkafa da kaza a roba. Can da la'asar aka zo ga babban albishir, wai daga yau duk macen da ta halarci taron tana iya sayen madara a tanki da rangwame, ta je ta sayar ta dogara da kanta. Aka ce a tafa, aka tafa. Na juya na dubi Kadiatu, tana zaune da rigar saniya a kan zanenta, robar shinkafarta a cinya ko buɗewa ba ta yi ba, za ta kai wa yara.

A bas na ce mata kin ji ko? Ki tatsa da hannunki, a kai tanki, ki bi shi da kuɗinki ki sayo. Ta ce ta ji. Na ce shi ke nan abin da za ki ce? Ta ce to Yaya Husseina, me zan ce?

Tun da na ga ofis ba shi da kunne, na hau yalo-yalo na tafi Kalpohin wurin Alhaji. Na same shi a barandarsa da carbi. Dattijon kirki ne, wannan ma yana cikin abin haushin, da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Da na fara magana ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce Hajiya, na san al'ada, ubana ma da ita ya rayu. Amma an ce masa idan madara ba ta shiga tanki, za a cire shanunsa daga shirin, ba allura ba likita, kuma bara cuta ta kashe masa shanu da dama. Ga yaron nan Majeed, shekara da shekaru yana kwance a ɗaki, yanzu yana tashi da asuba yana da abin yi, ya za a yi ya karɓe masa? Sai ya ce in gaya wa Kadiatu ta riƙa ɗiban na gida, ya yafe.

Ya yafe! Ya yafe mata abinta. Na tashi na yi masa sallama tun kafin bakina ya jawo mini abin da zan yi ta istigfari a kai.

Kadiatu ta ci gaba da riƙe tatsar yamma, tana kwantar da kindirmo tana kawo mini. Ba ɓoyewa take ba, me za ta ɓoye? Amma na'urar Mai Kwamfuta ba ta barci. Tana da lissafin abin da ya kamata kowace saniya ta bayar, da ta ga bai kai ba, sai ta aika wa Majeed saƙo. Saeed ne ya karanta mini shi daga baya, yana ta gumi. Wai madarar garken ta gaza abin da ake tsammani, a duba ko shanun ba su da lafiya, ko kuma ana karkatar da ita wani wuri.

Majeed ya hau babur ya tafi ruga da sassafe. Ya duba shanu, lafiyarsu ƙalau. Sai ya zagaya bayan bukka inda Kadiatu ke jera ƙoren da ta kwantar, ya riƙa ɗaga faifan da ta rufe su da su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar hoto da waya. A gaban 'ya'yanta, a gaban matan maƙwabta da suka fito ɗiban ruwa. Bai ce ɓarauniya ba, in ji shi, kuma na yarda bai faɗa ba. Cewa ya yi yana so ya gane ne kawai. Sumaila yana tsaye da sandarsa a kafaɗa. Da Majeed ya gama, ya sa aka kawo masa ruwa ya sha, ya raka shi har wurin babur, ya ce ya gaida Alhaji.

Da labarin ya iso ni na ce yawwa, yanzu dai Sumaila zai yi magana, tun da abin ya kai ga mutuncin matarsa. Ina! Wanka ya yi ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi Kalpohin, ya gaida Alhaji gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da jikoki. Sannan ya ce mahaifiyarsa ta tsufa a can wajen Walewale, yana so ya koma kusa da ita, Alhaji ya turo wanda zai karɓi amanarsa. Alhaji ya san ba wannan ba ne, Sumaila ya san Alhaji ya sani. Alhaji ya ce Allah ya ba ta lafiya, Sumaila ya ce amin. Manya biyu masu furfura, aka rasa wanda zai buɗe baki ya ce madara. Alhaji ya kira Majeed ya yi masa faɗa a ɗaki, an ce har Majeed ya yi hawaye, amma wayar tana nan a aljihun yaron. Cikin mako aka samo wani makiyayin da za a riƙa biya wata-wata, aka kora shanun zuwa wurinsa.

Na koma wurin Saeed, ba don ina sa ran komai ba, don dai ya ji. Ya ce Mma, an buɗe gurbi na biyu fa, daga sabuwar shekara za a riƙa tambaya wa ke tatsa, kuma maganata ce ta jawo. Har an sa labarin a rahoton shekara, Mai Kwamfuta da kansa ya karanta ya ji daɗi. Na ce to ka gaida shi, ka ce Husseina ta Aboabo ta ce sannu da ƙoƙari.

Ranar da za su tafi, ina cikin dama wa wani ɗan acaɓa fura da madarar gari, yana ta ɓata fuska, sai ga Kadiatu ta sauko daga motokin. Motar kayansu tana jiransu a tasha, Sumaila da yara suna can. Ta sha kwalliya irin ta tafiya, a kanta kuma ga ƙwarya rufe da faifai. Ta sauke a kan teburina inda ta saba saukewa, ta buɗe. Kindirmo ne cike fal, ya kwanta luf.

Na ce Kadiatu, shanun da aka kora tun wancan mako, wannan daga ina?

Ta gyara mayafinta ta ce, "Saya na yi."

Na ce me?

"Jiya na je tanki na saya, na kwantar. Ba zan zo sallama hannu rabbana ba, Yaya."

Matar da aka haifa a gindin saniya, uwarta ta yi tatsa, kakarta ta yi tatsa, ta bi layi da ƙwarya a hannu ta sayi madara. Na buɗe baki zan yi masifa, don masifar tana nan cike da cikina, sai na fasa. Na jawo lalitata zan biya ta, ta riƙe mini hannu, ta ce in na yi haka ba za ta yafe mini ba.

Ta ɗan zauna a bakin benci. Ta ce mai kula da tankin ya yi mata kirki sosai, ya yi mata rangwamen da aka ce, har ya tambayi sunanta ya latsa a waya. Ya ce ita ce mace ta farko daga rugage da ta zo saye, yanzu ta shiga cikin waɗanda shirin ya taimaka. Ta faɗa ne kawai, ba dariya ba fushi, sannan ta ce in juye in ba ta ƙwaryarta, kada mota ta tashi.

Na juye a robata, na ɗauraye ƙwaryar na goge da gefen zanena na miƙa mata. Na raka ta bakin titi na tsayar mata da motokin. Da na dawo, ɗan acaɓan nan ya turo kofinsa ya ce Mma, tun da mai kyau ya iso, a zuba masa. Na ce masa ba na sayarwa ba ne, ya sha abin da ke gabansa ya tashi ya ba ni wuri.